Manomi, ga abin da masu bincike suka samo don gonarka

Ɗan'uwa manomi na Sae Sabuwa, da na Agiye, da Gazawa, da Gidan Rumji, da ke uwargida mai gamana, wannan bayani naku ne. Ka karanta shi a tsanake. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai sami shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

GONA BA TA HAIHUWA

Ka tambayi dattawan garinku yadda ake noma a da. Za su gaya maka cewa in gona ta gaji sai a bar ta saura, ta huta shekaru, a shiga daji a yi sabon sassabe. Yau ina dajin yake? Daga Sae Sabuwa har Agiye gona ce ke bin gona.

Dalili kuwa a fili yake. A ƙidayar shekara ta 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ƴan kai. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17. Jihar Maraɗi kaɗai tana da mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400 a lokacin. Mutane suna haihuwa, gona kuwa ba ta haihuwa. Gandun da uba ɗaya ya noma, yau ƴaƴa biyar ko shida ne suka raba shi.

Ƙasarmu kuma jigawa ce, mai yashi. Ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Ruwan da ke sauka a yankinmu a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 ba, kuma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Kowace shekara muna kwashe hatsi, mu kwashe kara, mu kwashe harawa, ba mu mayar wa ƙasa komai ba. Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, ai ka san ƙarshensa.

To, tambayar ita ce: yaya za mu ci daga gonar nan bana, kuma ƴaƴanmu su ci daga gare ta bayanmu? Wannan ita ce tambayar da malaman jami'a da masu binciken aikin gona suka daɗe suna neman amsarta tare da manoma.

SU WANE NE MASU BINCIKEN?

Na farko akwai cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, wadda ake kira INRAN. An kafa ta a 1975. Babbar tasharta ta jiharmu tana Tarna, kusa da Maraɗi. Tun zamanin mulkin Faransa ake gwajin iri a Tarna. Irin hatsi na HKP da Zatib da ka sani, da irin wake na TN5-78, duka aikin masu binciken ƙasar nan ne.

Na biyu akwai jami'o'i. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da sashen koyar da aikin gona. A 2010 aka kafa jami'a a garin Maraɗi, wadda ake kira Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Ita ma tana da sashen aikin gona da kula da muhalli. Ɗalibanta ƴaƴan manoma ne irinka. Su ne kake gani wani lokaci a gonaki da littafi da ma'auni, suna ƙirga itatuwa ko zangarniyar hatsi.

Na uku akwai cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, wadda ke bincike kan hatsi da dawa da gujiya. Akwai kuma jami'o'in ƙasashen waje da suka yi aiki da namu, kamar Jami'ar Purdue ta Amurka da Jami'ar Hohenheim ta Jamus.

Amma bincike in ya tsaya a ofis, bai ƙara wa kowa dami ɗaya ba. Shi ya sa ake da malaman gona, da gonakin gwaji a ƙauyuka, da ƙungiyoyin manoma irin FUMA Gaskiya ta Maraɗi, da rediyo. Su ne gadar da ke tsakanin mai bincike da mai hauya. Kuma gadar nan ana bin ta ta kowane ɓangare. Za ka gani a nan gaba cewa wani ilimin daga manomi ya taso, malaman jami'a suka zo suka koya.

Ga abubuwa huɗu da aka gwada a ƙasarmu, aka ga amfaninsu. Babu wanda ya fi ƙarfin talaka a cikinsu.

NA ƊAYA: SASSABEN ZAMANI

Yadda itatuwa suka ƙare

A zamanin da noman gujiya ya bunƙasa, aka yi ta faɗaɗa gonaki ana tumɓuke kututture. A lokacin ana cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba icce ba tsiro. Sai fari ya zo a 1973, ya sāke dawowa a 1984. Mutane suka sari abin da ya rage suka sayar don su ci. Ita kuma dokar gandun daji ta 1974 ta sa wasu itatuwa, har da gawo, a hannun hukuma. Manomi na iya shan tara a kan iccen da ke tsakiyar gonarsa. Don haka da ya ga tsiro sai ya kashe shi tun yana ƙarami, ya huta da rigima.

Sakamakon kowa ya gan shi. Iska ta samu fili. Ka shuka hatsi ya tsiro, iska ta zo da yashi ta yanke shi ko ta binne shi. Wani sai ya yi shuka sau uku ko sau huɗu a damina ɗaya. Mata kuwa sai sun yi tafiya mai nisa neman iccen girki, ko su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona.

Hukuma ta yi ƙoƙari. A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, an yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An yi ta dashen itatuwa. Amma yawancin dashen bai rayu ba, saboda rana da iska da awaki da gara.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da wani abu. Ƴan tsire-tsiren nan da muke sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Itatuwa ne da aka sare, amma saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shekara kututturen yana toho, kowace shekara muna sare tohon mu ƙona.

Ka duba bambancin. Dashe yana da ƴar saiwa guntuwa, sai an yi masa ban-ruwa da shinge. Tohon kututture kuwa yana zaune a kan tsohuwar saiwa mai zurfi, wadda ta riga ta kai inda laima take. Shi ya sa yake girma da sauri ba tare da ka zuba masa ruwa ba.

A yunwar 1984 an ba da abinci a ƙauyuka kamar 100 na jihar Maraɗi, bisa sharaɗin manomi ya bar itatuwa a gonarsa. Da rabon abinci ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Amma wasu sun riga sun ga amfani, suka riƙe. Maƙwabta suka gani, su ma suka bi. Gani ya kori ji.

Bayan shekara 20, malaman Jami'ar Abdu Mumuni da na INRAN, irin su Malam Larwanu Mahaman, tare da abokan aikinsu na Holand da Amurka, suka auna abin da ya faru. Sun ɗauko hotunan ƙasa da aka ɗauka daga sama a 1975, suka gwada su da na wajen 2005. Suka tarar cewa itatuwa sun dawo a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Sun ƙiyasta itatuwan za su kai miliyan 200. Ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka rene su da adda da gatari. Yau ana zuwa daga ƙasashe da dama ana koyon wannan dabara a wurinmu.

Me icce yake yi wa gona?

Yana tare iska, shukarka ta tsira. Ganyensa yana zuba ya ruɓe ya zama taki. Saiwarsa tana jawo abincin shuka daga can ƙasa inda saiwar hatsi ba ta kaiwa. Dabbobi suna hutawa a inuwarsa su bar kashi da fitsari. Ƙurar da iska ke ɗaukowa tana taruwa a gindinsa. Ka duba gindin sabara ko kalgo, za ka ga ƙasar ta yi tudu, hatsin wurin kuma ya fi na kewaye baƙi da tsayi.

Gawo kuwa sarki ne a cikinsu. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa. Yana yin ganye da rani, lokacin da dabba ke neman abinci. Ƴaƴansa abincin tumaki da awaki ne, ana kuma sayar da su a kasuwa. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da ake saye a buhun takin zamani. Magabata sun san haka. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun ya kafa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo.

Ban da wannan, akwai iccen girki, da na gini, da ƙota, da magani, da ƴaƴan aduwa da magarya da ɗanya, da miyar kuka.

Yadda ake yi

1. Da bazara in ka shiga sharar gona, kada ka fara da wuta. Ka zaga ka duba kututturan da suka yi toho: sabara, kalgo, gawo, taramniya, aduwa, magarya, ƙirya, gwandar daji.

2. Ka zaɓi waɗanda kake so, ka bar tazara tsakaninsu. In kana tsoro, ka fara da kamar 40 a hekta ɗaya. Hekta ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. In ka ga amfani ka ƙara.

3. A kowane kututture ka zaɓi rassa mafi tsayi, mafi miƙewa, mafi lafiya, daga ɗaya har zuwa biyar. Sauran ka sare su.

4. Rassan da ka bari, ka share musu ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu. Kada ka wuce rabi. In ka yi musu ƙwal, iska ko akuya za ta karya su.

5. Addarka ta kasance da kaifi. Ka yi sara daga ƙasa zuwa sama. Sara daga sama yana tsage ɓawo, ciwo ya shiga.

6. Ka ɗaura tsumma a jikin reshe, don mai wucewa ya san iccen nan yana da mai shi.

7. Bayan ƴan watanni ka koma ka sare sabon tohon da ba ka so. Ganyen ka bar shi a gona.

In ka bar rassa biyar, kana iya saran ɗaya kowace shekara don bukatar gida, ka bar sabon toho ya maye gurbinsa. Mafi girma kuwa ka bar shi ya zama icce. Ka ga ke nan kana ci, uwar kuɗi tana nan.

Maganar doka da ɓarayi

Za ka ce: in na rena, wani ya zo da dare ya sare fa? Ko hukuma ta ce ba nawa ba ne? Tambaya ce mai kyau. Doka ta canza. An yi sabuwar dokar gandun daji a 2004. A ranar 30 ga Yuli 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. Duk da haka, kafin ka kayar da babban icce, ka ga ma'aikacin gandun daji na yankinku ya faɗa maka ƙa'ida.

Maganin ɓarawo kuwa haɗin kai ne. Ka ɗauki misalin Ɗan Saga a gundumar Agiye. Da taimakon aikin raya karkara na Agiye, wanda asusun FIDA ya tallafa, mutanen garin suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. Suka sa mata a ciki, suka sa Fulani makiyaya. Suka yi dokokinsu, suka tsai da tara. A yunwar 2005, wadda ta biyo bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, mutanen Ɗan Saga sun sayar da icce da abincin dabbobi sun sayi hatsi. Iccen da ke gona rumbu ne na biyu.

In gonar aro ce ko ta jingina kake nomawa, ku yi magana da mai ita a gaban mai gari tun kafin ka fara, don kada icce ya jawo husuma.

NA BIYU: TAKI KAƊAN A BAKIN GURBI

Takin zamani yana da tsada. Masu bincike na ICRISAT da INRAN da Jami'ar Hohenheim sun auna ƙasarmu, suka ga babban abin da ta rasa shi ne wani sinadari mai suna fosfor. Shi ne ke sa saiwa ta yi ƙarfi tun shuka tana ƙarama. Suka kuma ga cewa in ka watsa taki a faɗin gona, ciyawa ta ci, sauran ya ɓace a yashi. Amma in ka sa ɗan kaɗan a gurbin shuka, hatsi ne zai ci shi.

Ga awon. In takin 15-15-15 ne, giram 6 a gurbi, wato cikin murfin kwalbar lemo. In takin DAP ne, giram 2, wato abin da yatsu uku za su tsinka.

Yanzu mu yi lissafi, tunda ka iya. In tazarar shukarka mita ɗaya ce ta kowane gefe, hekta tana da gurbi 10,000. Giram 6 sau 10,000 ya zama kilo 60. Giram 2 sau 10,000 ya zama kilo 20. Ke nan buhun DAP mai kilo 50 zai ishi hekta biyu da rabi. In ba ka da kuɗin buhu, ka sayi tiya ɗaya ko biyu ka sa a wani sashe na gona.

Ka kiyaye abu uku. Kada taki ya taɓa iri, ka sa shi a gefe ka rufe da ƙasa. Kada ka sa shi a binne ko a ƙasa marar isasshiyar laima, zai ƙone tsiro. In ka yi binne, ka jira shuka ta fito, an yi ruwa mai kyau, sannan ka sa. Na uku, takin zamani ba ya maye gurbin takin gargajiya. Ka ci gaba da kai shara da kashin dabbobi da toka. Ka bar wani abu na kara a kwance a gona, ya tare yashi, gara ta mai da shi ƙasa. Ka kuma riƙa haɗa hatsi da wake ko ka juya su, don wake yana gyara ƙasa.

NA UKU: ƘWARON DA KE YAƘI DA MURZUNA

Babu manomin hatsi da bai san murzuna ba. Ka yi noman fari, ka yi maimai, hatsi ya fid da kai, sai ka ga zangarniya da zane a murɗe, ƙwaya ta zube. Ɓarnarta ta yi tsanani a ƙasashenmu tun bayan farin 1973. A shekara mai muni tana iya cinye fiye da rabin amfanin gona.

Ka san rayuwarta tukuna. Uwarta wata ƴar malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare. Tana yin ƙwai a kan zangarniya lokacin da take fitowa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsa ta yi ta yanke gindin ƙwaya tana zagayawa. In ta ƙoshi sai ta sauka ta shiga ƙasa, ta kwanta duk rani, ta fito da damina mai zuwa. Feshi ba ya cika kama ta, don tana ɓoye cikin zangarniya. Ga tsada, ga guba ga mutum da dabba da zuma.

Amma Allah ya halicci maƙiyinta. Wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Masana na kiransa Habrobracon hebetor. Ba ya harbin mutum, ba ya cin hatsi. Macen tana harbin tsutsar murzuna ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta. Ƴaƴan su fito su tsotse tsutsar har ta mutu. Cikin kwana goma da ƴan kai sun girma, su ma sun shiga farauta.

Ƙwaron nan dama yana ƙasarmu. Matsalar ita ce yana yawaita a makare, bayan murzuna ta gama ɓarna. Sai masu bincike suka ce: mu yi kiwonsa, mu sake shi da wuri. Daga 2006 aka fara wannan aiki a Nijar da Burkina Faso da Mali, da tallafin gidauniyar McKnight ta Amurka. A nan Maraɗi, Farfesa Ibrahim Bawa na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da abokan aikinsa na INRAN suna cikin waɗanda suka ja gaba.

Ga yadda ake yi. Ana samun ɗan buhu na zaren rama, a zuba ɗan hatsi da gari, a sa tsutsotsi 25 na wani ƙwaron ajiya da ake kiwo don ciyar da shi, a sa mata biyu na ƙwaron yaƙin. A ɗaure. Ana kai buhu 15 ƙauye ɗaya, a rataye su a itatuwa ko wajen rumbuna, gabas da yamma, kudu da arewa da tsakiya, a kare su daga ruwan sama. Bayan kamar kwana 8 sabbin ƙwari su fara fita ta ƙofofin saƙar, su bazu cikin gonaki har nisan kilomita 3 ko fiye. Gwajin da aka yi ya nuna suna iya kashe tsutsa 8 cikin 10, kuma amfanin hatsi ya ƙaru da kamar kashi 34 cikin 100.

Abin da ke wuyanka shi ne lura da lokaci. Da hatsi ya fara fid da kai, ka riƙa duba zangarniya. Da ka ga ƙwai ko ƙananan tsutsa, ku sanar da malamin gona ko ƙungiyarku. In an rataye buhunan, a gargaɗi yara kada su taɓa. Kada kowa ya yi feshi a kusa, don maganin zai kashe abokinka tare da maƙiyinka. Ka kuma sani ƙwaron nan ba ya yawan tsallake rani, saboda haka ana bukatar sake shi a duk shekarar da murzuna ta taso.

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ƙwaro bai san iyakar gona ba. Gari ne zai haɗa kuɗi ya sayi buhunan, kowa ya amfana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

NA HUƊU: BUHU UKU CIKIN JUNA

Noma bai ƙare ba sai abin da ka girbe ya tsira. Wake shi ne kuɗin manominmu, amma ƙwaro yana biyo shi tun daga gona. Cikin ƴan watanni ya huda shi ya mai da shi gari. Don tsoron haka kake sayarwa da kaka a farashi mai arha, ko ka zuba magani mai guba a abincin da iyalinka za su ci.

Malaman Jami'ar Purdue sun fara neman mafita a arewacin Kamaru tun 1987. Daga 2007 aka yaɗa dabarar a ƙasashenmu, kuma an yi gwaje-gwajenta da yawa a INRAN ta Maraɗi. Shi ne buhun PICS. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sannan buhun saƙa a waje. Ba a sa magani ko kaɗan. Ƙwaro yana numfashi kamar kowa. In an ɗaure buhu iska ba ta shiga, sai ya shanye iskar da ke ciki, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya bushe ya mutu.

Ka kula da waɗannan:

1. Wake ya bushe sarai, a sheƙe shi, a tsince tsakuwa da tsinke.

2. Ka hura iska cikin kowace leda ka duba ko ta huje. Leda mai huji ba ta aiki.

3. Ka zuba wake a hankali, ka matse iskar da ta rage. Ka murɗe bakin leda ta ciki, ka lanƙwasa, ka ɗaure. Ka yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje. Kowanne ɗaurinsa daban.

4. Ka ajiye a kan katako, nesa da bango da rana, inda ɓera ba zai kai ba.

5. Kada ka riƙa buɗewa. Na cin yau da gobe ka ware shi daban.

In ka kula da shi, buhu ɗaya yana yin shekara uku. Yana kuma ajiye masara da dawa da hatsi da gujiya.

Za ka ce ai bukatar kuɗi ce ke sa ni sayarwa da kaka. Gaskiya ne. Shi ya sa tun wajen 1999 aka kawo tsarin ajiya da lamuni a Nijar. Ƴan ƙungiya su tara amfaninsu a mangaza mai makulli biyu, ɗaya a hannunsu, ɗaya a hannun asusun bashi. A ba su rance. In farashi ya tashi su sayar, su biya, su riƙe riba. Ka tambaya ko akwai irin wannan a kusa da ku.

KAI MA MAI BINCIKE NE

Ka lura abubuwan nan huɗu suna riƙe da juna. Icce yana tsare ƙasa ya ciyar da ita. Taki kaɗan yana tayar da shuka. Ƙwaron yaƙi yana tsare zangarniya. Buhu yana tsare abin da ka kai gida. In ɗaya ya kuɓuce, wahalar sauran ta ragu da daraja.

Ba a ce ka yarda don an rubuta a takarda ba. Ka gwada. Ka ware kunya goma ka sa musu taki a gurbi, ka bar kunya goma a gefensu ba taki. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Da kaka ka ɗaure damin kowane sashe daban, ka sussuka, ka auna da tiya. Haka malaman jami'a suke yi, ba wani asiri.

Ga inda karatunka zai yi maka rana. Ka sami ɗan littafi ka rubuta ranar ruwan shuka, da irin da ka shuka, da kuɗin da ka kashe, da yawan itatuwan da ka bari, da ranar da ka fara ganin murzuna, da damin da ka samu. Baɗi ka gwada da na bana. In malamin gona ko ɗalibin jami'a ya zo garinku, ka nuna masa. Abin da bai yi ba ma ka faɗa masa ba kunya, don da haka ake gyara bincike. Ke ma uwargida, a gwada a gamanarki, ki kuma nemi shiga kwamitin itatuwa, tunda ke kika fi kowa sanin wahalar iccen girki.

Bazarar nan, kafin ka kunna wa gona wuta, ka tsaya a kan kututture na farko ka zaɓi rassan da za ka bari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona, amin.